Shekara ta 480 kafin Miladiyya: shin da gaske Kartaj da Farisa sun haɗa baki a kan Girkawa?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna a kan shekara ta 480 kafin Miladiyya, wadda a cikinta Girkawa suka fuskanci yaƙi ta gabas da yamma. Ta gabas, Sarki Zaksis na Farisa ya jera jiragen ruwa ya yi gada a mashigin Helesfont, ya ƙetaro da rundunarsa zuwa Turai, ya murƙushe Sarki Liyonidas na Sparta da mutanensa a matsatsin Termopile, ya ƙone birnin Atina, sannan wajen ƙarshen watan Satumba aka karya jiragensa a mashigin Salamis. Ta yamma kuwa, a tsibirin Sisili, Hamilkar, jagoran Kartaj, birnin da ke gaɓar arewacin Afirka, ya sauka da runduna ya yi wa birnin Himera ƙawanya, amma Gelon mai mulkin Sirakus da surukinsa Teron mai mulkin Akragas suka tarwatsa ta, shi kansa Hamilkar bai koma gida ba.

Abin da aka saba faɗa shi ne, wai Zaksis ne ya aika wa Kartaj cewa su afka wa Girkawan yamma a daidai lokacin da shi zai afka wa na gabas, domin kada wani ya samu sukunin kai wa wani ɗauki. Wannan bayani bai kwanta mini ba. A ganina yaƙin Himera rikici ne tsakanin masu mulkin biranen Sisili da abokansu, kuma daga baya ne waɗanda suka yi nasara suka sa masa rigar yaƙin ceton Girkawa, saboda su ma su samu rabo a cikin martabar Salamis. Ina neman masu ilimi su auna wannan magana.

Musbahu:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni ina ganin hujjar masu cewa an haɗa baki tana da ƙarfi fiye da yadda Malam ya nuna. Mutanen birnin Taya na ƙasar Finikiya ne suka kafa Kartaj, bisa ga al'ada a shekara ta 814 kafin Miladiyya, kuma zumuncin biranen biyu bai yanke ba, har Kartaj ta riƙa aika kyauta zuwa haikalin gunkin Melkart da ke Taya. A shekara ta 480 kuwa Taya da Sidon suna ƙarƙashin Farisa, kuma marubucin tarihi Hirodotus ya ce a cikin jirage 1,207 na Zaksis, 300 na mutanen Finikiya ne da maƙwabtansu na gaɓar Falasɗinu, su ne kuma mafiya ƙwarewa a rundunar. To, idan uwa tana cikin yaƙi dumu-dumu, 'ya kuma ta ɗaura yaƙi da kabila ɗaya a cikin damina ɗaya, da wuya mutum ya ce dace ne kawai. Ban da wannan, wani marubucin tarihin, Diyodorus, ya rubuta ƙarara cewa an yi yarjejeniya, kuma Kartaj ta shafe shekara uku tana shiri.

Dakta Hadiza:
Musbahu, ƙanena, ka kawo hujjar da ta dace a fara da ita, amma ya kamata mu jera marubutan nan bisa ga zamaninsu kafin mu ɗauki maganar kowa. Hirodotus shi ne mafi kusa da abin. An haife shi wajen shekara ta 484, ya zanta da mutanen da suka ga yaƙin da idonsu, kuma a ƙarshen rayuwarsa ya zauna a Turi da ke kudancin Italiya, inda labaran Sisili suke kusa da kunnensa. Mutum ne mai son kawo kowace irin ruwaya, har wadda shi kansa bai gaskata ba, kuma babu abin da zai fi ƙawata labarinsa kamar a ce gabas da yamma sun yi taron dangi a kan Girkawa. Duk da haka bai ambaci wata yarjejeniya tsakanin Zaksis da Kartaj ba. Abin da ya ce shi ne, mutanen Sisili suna faɗin cewa an yi yaƙin Himera da na Salamis a rana ɗaya.

Labarin yarjejeniyar ya fito ne daga Eforus, wanda ya yi rubutu fiye da shekara ɗari bayan yaƙin, a zamanin da masu wa'azin haɗin kan Girkawa a kan baƙi suke tashe. Diyodorus kuwa ɗan Sisili ne da ya rayu a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya, wato fiye da shekara 400 tsakaninsa da Himera, kuma son tsibirinsa a bayyane yake a rubutunsa. Shi bai ce rana ɗaya da Salamis ba, cewa ya yi rana ɗaya da Termopile, kuma bai tsaya nan ba sai da ya nuna cewa labarin nasarar Gelon ne ya ƙarfafa wa Girkawan gabas gwiwa. Idan aka matsar da Himera ta riga Salamis, ai an mai da Gelon jagaba ke nan. Aristotil kuma, da yake bayanin bambancin tarihi da waƙa, ya kawo waɗannan yaƙe-yaƙe biyu a matsayin misalin abubuwan da suka auku a lokaci ɗaya ba tare da suna nufin manufa ɗaya ba. Shi da Eforus tsara ne, amma bai ɗauki labarin haɗin bakin ba.

Alhaji Garba:
Dakta, Allah ya ƙara basira. Ina da ƙari, ina kuma da ja. Ƙarin shi ne, dangantakar Taya da Kartaj da ɗana Musbahu ya kafa hujja da ita tana iya zama hujja a kansa. Bayan Sarki Kambisis na Farisa ya ci Masar a shekara ta 525, ya yi niyyar tura jirage su ci Kartaj, sai matuƙan Finikiya suka ce ba za su je ba, domin akwai rantsuwa tsakaninsu kuma ba za su yaƙi 'ya'yansu ba. Sarkin ya haƙura, saboda ba shi da rundunar ruwa idan babu su. Wannan ya nuna cewa Kartaj ba ta ƙarƙashin Farisa, kuma tana da dalilin yin kaffa-kaffa da ita. Wane amfani Kartaj za ta samu idan Farisa ta cinye ƙasar Girka ta matso har bakin Italiya?

Jan da nake da shi kuma a kan Malam Nasiru ne. An kori mai mulkin Himera wajen shekara ta 483, amma Hamilkar bai iso ba sai 480. Me ya sa ya zaɓi wannan shekara? Ni ina ganin ba sai an rubuta yarjejeniya ba kafin mai hankali ya san lokacin da ya dace. Shirin Zaksis ba a ɓoye yake ba, tunda ya yi shekaru ana haƙa masa hanyar ruwa a wuyan tsaunin Atos, ana tara hatsi a garuruwan gaɓar Tires, kuma jiragen fatake suna kai-komo tsakanin Taya da Kartaj. Hamilkar ya san cewa a wannan shekara babu wani jirgin Korinti ko na Sparta da zai taho taimakon Sirakus. Saboda haka ban yarda an haɗa baki ba, amma ban yarda babu alaƙa ko kaɗan ba.

Malam Nasiru:
Ranka ya daɗe, Alhaji, maganarka a kan hanya take, kuma ba ta rushe tawa ba, domin amfani da dama daban, karɓar umarni daban. Bari in shimfiɗa asalin rikicin domin waɗanda ba su san shi ba.

A wancan zamani yammacin Sisili yana da garuruwan Finikiyawa guda uku, wato Motiya da Panormus, wadda ita ce Palermo ta yau, da Solus. Sauran gaɓar tsibirin kusan duk biranen Girkawa ne, kuma yawancinsu suna hannun mutum ɗaya-ɗaya da suka ƙwaci mulki da ƙarfi. Gelon ya fara da Gela wajen shekara ta 491, ya kama Sirakus a 485 ya mai da ita mazauninsa. Teron ya hau mulkin Akragas wajen 488, ya aurar wa Gelon 'yarsa Damarete, suka zama tsintsiya ɗaya a kudu da gabas. A arewa kuma akwai wani ƙawancen: Terilus mai mulkin Himera ya aurar da 'yarsa ga Anaksilas mai mulkin Regiyon, wanda yake riƙe da mashigin ruwan da ya raba Sisili da Italiya. Selinus, wadda ita ma birnin Girkawa ce a kudu maso yamma, tana tsoron Akragas fiye da yadda take tsoron Kartaj, saboda haka ta karkata ga wannan ɓangare.

Da Teron ya kori Terilus ya ƙwace Himera, ikonsa ya ratsa tsibirin daga gaɓar kudu zuwa ta arewa, ya zo dab da Solus da Panormus. Terilus kuwa yana da amana ta baƙunta tsakaninsa da Hamilkar, irin amanar nan da manyan gidaje na wancan zamani suke ƙullawa, wadda take wajabta wa kowa taimakon ɗan'uwansa kuma 'ya'ya su gaje ta. Shi ya je ya nemi taimako. Anaksilas kuma ya miƙa 'ya'yansa na cikinsa ga Hamilkar a matsayin jingina domin ya tabbatar masa da gaske suke. Ga shi nan dai: Bagirke ne ya kira Kartaj, Bagirke ne ya ba da jingina, birnin Girkawa ne ya yi alkawarin turo barade. Hirodotus ya ƙara da cewa mahaifiyar Hamilkar ma 'yar Sirakus ce. Ta yaya za a kira wannan yaƙin Girkawa da baƙi?

Malama Saratu:
Ina goyon bayan Malam Nasiru, kuma hujjata ita ce halin da Gelon kansa ya nuna kafin yaƙin. Lokacin da biranen da suka yi rantsuwar tsayawa a gaban Farisa suka aika masa jakadu, ya yi musu tayin da babu wani birni da ya isa ya yi irinsa: jiragen yaƙi 200, dakaru masu sulke 20,000, barade 2,000, maharba 2,000, masu majajjawa 2,000, da hatsin ciyar da dukan rundunar Girkawa har yaƙi ya ƙare. Sharaɗinsa shi ne a ba shi jagorancin yaƙin baki ɗaya. Jakadan Sparta ya ƙi. Gelon ya sassauta ya ce to a ba shi ko ƙasa ko ruwa, sai jakadan Atina ya ce ruwa nasu ne idan Sparta ba ta so. Aka watse ba a daidaita ba.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Da ya ji Zaksis ya ƙetare Helesfont, sai ya tura wani amintaccensa mai suna Kadmus da jirage uku da dukiya mai yawa zuwa Delfi, babban wurin bautar Girkawa, ya ce masa ya zauna ya ga yadda yaƙin zai kaya. Idan Farisa ta yi nasara, ya miƙa wa Zaksis dukiyar tare da ƙasa da ruwa, alamar mubaya'a. Idan Girkawa suka yi nasara, ya komo da kayan. Bayan Salamis Kadmus ya komo da dukiyar cif. Mutumin da ya san cewa Zaksis ne ya turo masa Hamilkar ba zai tanadi kyautar mubaya'a ga Zaksis ɗin ta wannan hanya ba, kuma wanda ya yi wannan tanadi bai cancanci a kira shi garkuwar Girkawa ba.

Musbahu:
Anti Saratu, ai Hirodotus ɗin nan da kika kafa hujja da shi ya kawo wata ruwayar daga mutanen Sisili, cewa Gelon ya yi niyyar zuwa taimako ko da a ƙarƙashin Sparta ne, zuwan Hamilkar ne ya tare shi, kuma shi ya sa ya aika dukiya Delfi tunda ba shi da halin zuwa da kansa. Idan haka ne, ko an rubuta yarjejeniya ko ba a rubuta ba, harin Kartaj ya hana Girkawan gabas jirage 200, alhali duk jiragensu a Salamis ba su kai 400 ba. Wannan ba ƙaramar riba ba ce ga Farisa. Sannan runduna mai mutum 300,000, irin wadda Hirodotus ya ce Hamilkar ya zo da ita, ba a tara ta domin mai da mutum ɗaya kan kujerarsa. Girman rundunar da kansa yana nuna cewa manufar ta wuce Terilus.

Injiniya Bashir:
Malam Musbahu, a kan lissafin nan nake so in tsaya, domin a nan ne ruwayoyin suke da rauni ƙwarai. Jirgin yaƙi na wancan zamani, mai hawa uku na matuƙa, yana ɗaukar mutum wajen 200, 170 daga cikinsu masu jan filafili ne, suna zaune a matse wani bisa wani, na ƙasa kusan fuskarsa a jikin kujerar na sama, babu wurin kwanciya, babu wurin girki, ruwan shan da ke ciki kuma ba ya wuce na ɗan lokaci kaɗan. Saboda haka dole a janyo shi gaɓa kusan kowace rana mutane su ci su sha. Sojan ƙasa kuma a jiragen dako ake loda su, tare da hatsinsu da dawakansu. Idan kowane mutum zai ci kilo ɗaya na hatsi a rana, mutum 300,000 suna bukatar tan 300 kullum, ban da ruwa, ban da abincin dabbobi, a gaɓar da ba ta da babbar tashar jirage. Himera birni ne madaidaici, ba ya bukatar rabin rabin wannan. Haka shi Hirodotus ya ba Zaksis dakaru 1,700,000, kuma babu masanin da yake ɗaukar wannan adadi a yau. Mai nasara ne yake ƙirga abokan gabansa, kuma ba ya rage su.

Abin da za a iya dogara da shi a jerin Hirodotus shi ne ire-iren mutanen da ya lissafa: Finikiyawa, Libiyawa, mutanen Iberiya, Liguriyawa, mutanen Sardiniya da na Kosika. Wannan ya dace da yadda Kartaj take yaƙi, domin 'yan asalin birnin ba su da yawa, sai ta ɗauki sojan haya da kuɗi daga ko'ina a yammacin Bahar Rum.

Yadda yaƙin ya gudana a ruwayar Diyodorus ma yana nuna rundunar da za a iya karyawa da dabara ɗaya. Guguwa ta nutsar da jiragen da ke ɗauke da dawakai da karusai tun a hanya, saboda haka Hamilkar ya sauka Panormus ba shi da barade. Ya kafa sansani biyu a Himera, ɗaya a bakin teku inda aka janyo jirage aka kewaye su da gwalalo da shingen katako, ɗaya a kan tuddai. Ya aika Selinus su turo masa mahaya a rana kaza. Baraden Gelon suka kama ɗan aiken da ke ɗauke da amsar. A ranar da aka sa, da asuba, mahayan Gelon suka zagayo ta hanyar Selinus suka tsaya a ƙofar sansanin teku, masu gadi suka buɗe musu a zaton baƙin da ake jira ne. Suna shiga suka nufi inda Hamilkar yake hadaya, suka kashe shi, suka cinna wa jiragen wuta. Masu leƙen da Gelon ya ajiye a kan tuddai suka ba da alama, shi kuma ya afka wa ɗaya sansanin. Aka yi ta ba-ta-kashi ba a san mai rinjaye ba, har sai da mayaƙan Kartaj suka hango hayaƙin jiragensu, suka ji jagoransu ya mutu, sannan gwiwarsu ta sage.

Dakta Hadiza:
Injiniya ya yi daidai da ya ambaci sojan haya, sai dai abin da marubutan Girkawa ba su faɗa ba shi ne, su ma nasu ɓangaren haka yake. Wajen shekara ta 2008, da ake aikin faɗaɗa layin dogo tsakanin Palermo da Mesina, an tono maƙabartar yammacin Himera, aka samu dubban kaburbura, a cikinsu har da manyan ramuka da aka binne maza majiya ƙarfi a jere, kafaɗa da kafaɗa, an daidaita su da natsuwa kamar yadda ake yi wa waɗanda ake girmamawa. Wasu har yanzu da kan kibiya ko tsinin mashi a maƙale a ƙashinsu. An kuma samu kaburburan dawakai a kusa. Yadda aka kimtsa su ya sa masana suka fahimci cewa mamatan ɓangaren da ya yi nasara ne a 480.

Sakamakon binciken da aka buga a 2021, wanda ya auna sinadaran da ke cikin haƙoransu, waɗanda suke nuna irin ruwa da ƙasar da mutum ya tashi a cikinsu, ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka gwada ba 'yan yankin Himera ba ne, da yawa ma ba 'yan Sisili ba ne. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka buga a 2022 ya gano cewa wasunsu asalinsu daga yankin tekun Baltik ne, wasu daga tsakiyar Turai, wasu daga filayen arewacin Baƙin Teku da tsaunukan Kokeshiya. Wato Gelon da Teron ma da kuɗi suka tara mayaƙa daga nesa. Diyodorus kansa ya ambaci cewa Gelon ya ba sojan haya fiye da 10,000 'yancin zama 'yan birnin Sirakus, amma da ya zo labarin Himera sai ya zama nasarar Girkawa zalla. Waɗannan mutane sun mutu a ƙasar da ba tasu ba, kuma babu marubucin da ya ga ya dace ya ambaci ko sunan kabilarsu.

Alhaji Garba:
Wannan bayani na Dakta ya taɓa ni. Akwai kuma wata murya da aka rasa, ita ce ta Kartaj. Da Rumawa suka rushe birnin a shekara ta 146 kafin Miladiyya, sun raba littattafansa ga sarakunan Numidiya, abin da suka damu su fassara kawai shi ne littafin Mago a kan noma. Saboda haka duk abin da muke karantawa a kan Himera daga bakin abokan gaba ya fito, in ban da guntun labari ɗaya da Hirodotus ya ce daga mutanen Kartaj ya ji shi. A cewarsu, an yi yaƙi tun daga asuba har yamma lis, Hamilkar kuma yana cikin sansani yana ƙona dabbobi sukutum a kan babbar wuta yana neman sa'a, da ya ga mutanensa sun juya da baya a lokacin da yake zuba abin sha a kan hadayar, sai ya faɗa cikin wutar. Gelon ya sa an neme shi ko'ina ba a same shi ba, a raye ko a mace. Mutanen Kartaj kuma suka gina masa wuraren tunawa a birninsu da garuruwan da suka kafa, suna yi masa yanka. Wannan abin lura ne, domin Kartaj ta yi suna wajen hukunta jagororin da suka sha kashi, amma shi sai aka ɗaukaka shi. Ba sai mun yarda da aƙidarsu ba kafin mu gane cewa a idonsu ba wulaƙanci ya mutu da shi ba.

Usman:
Iyayena da yayyena, ina bin muhawarar nan tun farko. Tambayata ita ce, tunda Kartaj a Tunisiya ta yau take, kuma akwai Libiyawa a rundunarta, ashe ba za mu iya cewa wannan shi ne karon farko da Afirka ta gwabza da Turai ba?

Malam Nasiru:
Usman, idan muka yi haka mun ɗauki kuskuren Eforus mun juya shi ne kawai. Mutanen Selinus da Regiyon suna tare da Hamilkar, mutanen Iberiya da Liguriya da ke cikin rundunarsa daga Turai suke, Libiyawan kuma talakawan Kartaj ne ko 'yan haya, ba wakilan wata nahiya ba. Can gabas ma haka abin yake. Birane 31 kaɗai aka rubuta sunayensu a ginshiƙin tagulla da aka kafa a Delfi domin tunawa da waɗanda suka yaƙi Farisa, alhali biranen Girkawa ɗaruruwa ne. Tebes da Tesaliya sun bi Zaksis, Argos ta naɗe hannu, Girkawan gaɓar Asiya kuma suna cikin jiragensa a Salamis, har da Sarauniya Artemisiya ta Halikarnasus, garin su Hirodotus, da jiragenta biyar.

Malama Saratu:
Ina so mu dubi abin da ya biyo baya, domin shi ne yake nuna wanda ya ci moriyar nasarar. Kartaj ta biya talanti 2,000 na azurfa, wato kimanin tan 52, ta kuma ɗauki nauyin gina haikali biyu da za a ajiye rubutun sulhun a ciki. Fursunonin yaƙi sun yi yawa a Akragas har Diyodorus ya ce akwai mutanen da kowannensu ya mallaki 500. Su ne suka fasa duwatsu suka gina haikalai da magudanan ruwa na ƙarƙashin ƙasa da babban tafkin kifi na birnin. Gelon ya kafa kaskon zinariya mai ƙafa uku a Delfi, wanda gindinsa na dutse yake nan da sunansa har yau, a wurin da duk Bagirken da ya zo ziyara zai gan shi kusa da abin tunawa da yaƙin Farisa. Bayan rasuwarsa a 478, ƙanensa Hiyeron ya gaje shi, kuma a 470 mawaƙi Pindar ya yi masa waƙar yabo inda ya jera Himera tare da Salamis da Plataya, inda aka karya rundunar ƙasa ta Farisa. Daga fadar Sirakus aka fara ɗinka wannan riga da Malam Nasiru ya ambata, da zinariya da bakin maroƙa.

Su kuwa mutanen Himera da aka ce an ceta, Teron ya ɗora musu ɗansa Tirasidayus, wanda ya gallaza musu har suka nemi taimakon Hiyeron a asirce. Hiyeron ya tona su ga Teron domin ya gyara tsakaninsu, kuma a 476 Teron ya kashe da yawa daga cikinsu, har sai da ya kawo baƙi ya cike gurbin. Gelon ma kafin Himera, da ya ci Megara ta Sisili, masu kuɗin garin ya kai Sirakus ya ba su 'yanci, talakawan kuma ya sayar da su bayi zuwa wajen tsibirin. Duk wanda zai kira Himera yaƙin 'yanci sai ya fara gaya mana 'yancin wa.

Musbahu:
Na ji hujjojin nan duka, amma har yanzu akwai abin da ya tsaya mini. Idan rikicin ƙarami ne na masu mulki, me ya sa Kartaj ta janye jiki daga yaƙi a Sisili har shekara 70? Wannan yana nuna cewa bugun ya yi tsanani, kuma abin da aka zuba a yaƙin ba kaɗan ba ne.

Alhaji Garba:
Ɗana Musbahu, bugun ya yi tsanani, babu mai musu, amma dubi sharuɗɗan sulhun da kyau. Gelon bai taɓa Motiya ba, bai taɓa Panormus ko Solus ba, bai nemi Kartaj ta bar tsibirin ba. Selinus ta ci gaba da zamanta tana arziki, Anaksilas ya riƙe mulkinsa har ya aurar wa Hiyeron 'yarsa. Wanda ya yi imani cewa an zo shafe kabilarsa daga doron ƙasa ba ya karɓar azurfa ya bar abokin gaba da tashoshinsa uku a bayan gidansa. Kartaj ta samu abin da ya fi damunta, wato garuruwanta na yamma da hanyar cinikinta, saboda haka ba ta da dalilin komowa da wuri, sai ta mai da hankali ga faɗaɗa gonakinta da ikonta a cikin ƙasar Afirka.

Da ta komo kuma, ta irin ƙofar farko ta shigo. Segesta, birnin ƙabilar Elimiyawa ta yammacin Sisili, ita ta kira ta saboda rikicin iyaka da Selinus, bayan Atina da ta fara kira ta sha mummunan kashi a Sirakus a 413. Wanda ya jagoranci rundunar a 409 shi ne Hanibal ɗan Gisko, jikan Hamilkar, ba Hanibal mai giwaye ba, wanda ya zo bayan kusan shekara 200. Ya ci Selinus cikin kwana tara, ya wuce Himera ya rushe ta, ya kuma kashe maza wajen 3,000 da aka kama a wurin da aka ce kakansa ya mutu. A lokacin Farisa ba ta yaƙi a Turai, tana ma ba Sparta kuɗi ne domin ta karya Atina, kuma babu marubucin da ya ce wani sarkin Farisa ne ya turo Hanibal. Gwajin haƙoran da Dakta ta ambata ya nuna cewa mamatan 409 yawancinsu 'yan gari ne, domin agajin Sirakus ya janye ya bar su. Idan dalilan cikin Sisili da gabar gidan Hamilkar sun isa su bayyana yaƙin 409, ban ga abin da zai hana su bayyana na 480 ba, in ban da zaɓen shekarar, wanda har yanzu nake ganin labarin shirin Zaksis yana da hannu a ciki.